Fentin filin wasan yaƙi na kan tebur

Fentin filin wasan yaƙi aikin hannu ne na ƙawata ƙananan duwatsu, ganuwa, kufai da dazuzzuka waɗanda ake jerawa a kan tebur domin wasan yaƙi da ƙananan mutum-mutumin sojoji. Kamar dara, wasan na dabara ne, amma filinsa siffar ƙasa ce da aka ƙanƙantar.

Tarihi

A shekarar 1812 Georg Leopold von Reisswitz ya gabatar wa sarkin Prussia wani teburin wasan yaƙi mai siffar tudu da kwari. Marubucin Ingila H. G. Wells ya wallafa dokokin irin wannan wasa a littafinsa Little Wars a 1913. Kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, ya fito da wasan Warhammer mai duniyar tatsuniya a 1983.

Yadda ake yi

Ana gina filin da kwali, soso mai tauri, yashi da gam. Da farko akan shafa fenti mai duhu, sannan a zuba tsinkakken fenti ya kwanta cikin tsaguwa. Daga ƙarshe a goga launi mai haske da burushin da ya kusa bushewa, gefuna su fito. Da haka sabon gini ke kama da wanda tsatsa, ƙura da damina suka ci.