Daga Ƙullin Dillaliya Zuwa Wayar Hannu

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, tarihin cinikin nan da ake yi ta waya da intanet. Wataƙila kin taɓa sayen atamfa ko turaren wuta a hannun matar da ba ki taɓa ganin fuskarta ba. Hoto ta ɗora, kika yaba, kika tura kuɗi, kaya suka iske ki har ɗaki. Yaranmu gani suke abin sabo ne fil. Ni kuwa da na tashi a Ƙofar Dawanau, nan tsakanin Ƙofar Ruwa da Ƙofar Waika, cewa nake iyayenmu mata sun daɗe suna ciniki ba tare da sun taka kasuwa ba.

Ki tuna yadda gidajenmu suke. Mace tana cikin kulle, amma ƙuli-ƙulinta da man gyaɗarta da furarta sun zaga unguwa. Yarinya ta ɗauki faranti ta fita talla, almajiri a aike shi Kurmi ko Rimi. Bayan azahar sai ga dillaliya da ƙullinta, ta yi sallama ta baje a tabarma: zannuwa, kwanuka, sarƙa da 'yan kunne. Wata ta matsu, ta ba ta zanenta a asirce, ta kai wani gida ta sayar, ta cire la'adarta, ba wanda ya ji ko na wace ce. Har masu bincike daga waje sun lura da wannan. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu a 1969 a kan wannan ɓoyayyen ciniki na cikin gida. Wata Ba'amurkiya kuma, Enid Schildkrout, ta bi tallar yara a nan Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa sana'ar matar kulle a kan ƙafar yaro take tafiya.

To me ya sa za ki danƙa wa dillaliya gwal ɗinki ki kwanta ki yi barci? Saboda kin san gidanta, kin san mijinta, kin san wa za ki kai wa ƙara in ta saɓa. Ki riƙe wannan, domin duk tarihin da zan ba ki a kansa yake juyawa.

Abin sha'awa, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara sayayya daga gida ta na'ura mace ce da fita ta yi mata wuya. Sunanta Jane Snowball, tsohuwa mai shekara 72 a garin Gateshead na Ingila. A 1984 aka haɗa mata talabijin ɗinta da layin tarho, ta wata dabara da wani mai suna Michael Aldrich ya ƙirƙiro. Tana zaune a kujera ta danna rimot, ta zaɓi ƙwai da bota da abin karin kumallo daga kantin Tesco. Aka kawo mata gida, ta biya kuɗi hannu. Kin ga ai aike ne, talabijin ce kawai ta zama ɗan aiken.

Intanet ta buɗe ga jama'a a farkon shekarun 1990. A 1995 Jeff Bezos ya fara sayar da littattafai a Amazon, a Amurka. A shekarar dai wani mai suna Pierre Omidyar ya buɗe dandalin da ya zama eBay. Shi ba shi da kaya, fili kawai ya share, mai saye da mai sayarwa su haɗu, shi ya ɗauki la'ada. Dillanci ke nan. Abin da aka fara sayarwa a wurin wata 'yar fitilar nuni ce da ta lalace, a kan dala 14 da 'yan kai. Nan da nan matsala ta taso: yaya zan aika kuɗina ga wanda ban san gidansu ba? A 1996 sai ya fito da tsarin shaida. Duk wanda kika yi ciniki da shi, ki rubuta yabo ko kushe a ƙarƙashin sunansa, kowa ya gani. Abin da matan unguwa suke yi da baki a gidan suna, shi ya mayar rubutu. A ƙasar Sin kuwa, kamfanin Alibaba na Jack Ma ya buɗe kasuwar Taobao a 2003, ya kuma bi wata hanya: kuɗin mai saye sai a riƙe a tsakiya, ba a sakar wa mai kaya sai wanda ya saya ya ce kaya sun iso lafiya. Kamar dai a ba dattijon unguwa ajiya har ciniki ya faɗa. Kamfanoni da yawa sun karye a 2000 da 2001, waɗanda suka shawo kan maganar amana da kai kaya su suka rage.

Mu a lokacin ko tarho ba mu da shi. Kafin 2001 layukan waya a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Agusta na 2001 Econet da MTN suka fara aiki, layi kaɗai ya haura naira dubu 10, sai mai hali. Da Glo ya shigo a 2003 yana caji da daƙiƙa, farashi ya fara sauka. 'Yan kasuwa ne suka fara cin moriya. Ki dubi kasuwar hatsi ta Dawanau da ke kan hanyar Katsina, wadda aka kafa a 1985. Da can sai falke ya yi tattaki ko ya aika kafin ya san nawa buhun gero yake a Maraɗi. Da waya ta zo, kira ɗaya ya wadatar. Wata masaniya, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 inda waya ta isa. Mu kuma a cikin gida, kin tuna lokacin da katin waya ya zama kuɗi? A kankare, a turo lambobin, ki sayar wa mai shago ki karɓi kuɗinki. Tun ba mu da asusun banki muka iya biyan kuɗi daga nesa.

A 2012 aka kafa Jumia da Konga a Legas. Sun tarar mutane sun sha wuya a hannun 'yan damfara, ba mai yarda ya biya kafin ya gani, don haka suka ce biya sai kaya sun zo hannu. Dabarar ta jawo masu saye, amma ta ci musu kuɗi, don sau da yawa a kai kaya mai su ya ce ya fasa. A 2018 aka sayar da Konga ga kamfanin Zinox. A cikin birni kuwa ga wata matsalar ta daban. Wace lamba za ki ba ɗan aike a lungunanmu? Sai dai kwatance: ka wuce masallaci, gida na uku mai darbejiya. In ya iso ma, namiji ne baƙo, iyakarsa zaure.

Shi ya sa a ganina ba waɗannan manyan kamfanoni ne suka shigo da kasuwar ɗakunanmu ba. WhatsApp ne ya yi wannan aiki. A 2013 ya kawo saƙon murya, sai ga wadda ba ta yi boko ba tana taya kaya da bakinta, da Hausarta. A 2017 ya kawo wurin ɗora hoto na kwana ɗaya, nan take ya zama farantin talla. Ga Facebook da Instagram, ga tura kuɗi nan take tsakanin bankuna da aka fara a 2011, ga mai POS a bakin layi, ga ɗan adaidaita sahu mai kai saƙo, ga direban tasha da zai kai ɗaurin leshi har Katsina ko Zariya. Kullen korona da aka yi a Kano a Afrilun 2020 ya sa har maza sun ɗanɗani zaman gida, ciniki ya koma waya. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kuma ya tilasta wa har mai ƙosai karɓar taransifa.

Sai dai tsohuwar tambayar tana nan. Wata ƙanwata ta kwashi adashenta gaba ɗaya ta tura wa wata mai shafin kayan kicin, don ta fara sana'a. Hotuna masu kyau, murya mai daɗi, Hajiya sama Hajiya ƙasa. Kuɗi na shiga lamba ta daina shiga. Ba gida, ba miji, ba mai unguwar da za a kai wa ƙara. Masu sayarwa ma suna kuka da alat na bogi: saƙo ya shigo kamar daga banki, a saki kaya, a duba asusu wayam. Kasuwar WhatsApp ba ta da mai riƙe kuɗi a tsakiya irin na Taobao, ba ta da shaida rubutacciya irin ta eBay. Abin da ya rage mana shi ne na iyayenmu: wa ya san ta, wa ya taɓa saye a wurinta, 'yar wane gida ce.

Wani abu da nake lura da shi, wadda take sayar da humra ko zannuwan gado ta waya ba ta buƙatar ɗora wa 'yarta faranti, yarinya tana iya zama a aji. Amma fura da awara da ɗanwake har yanzu a ka suke fita, don mai sayen na naira 200 ba zai jira ɗan adaidaita ba.

Dillaliyar unguwarmu ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Jikarta ce ta gaji sana'ar. Ɗan'uwanta yana ɗauko mata hotunan kaya daga Kantin Kwari, ta ɗora, ta ƙara la'adarta a kai. Amma in kayan lefe ne ko na ɗakin amarya, har yau sai ta yafa mayafi ta zo da kanta, ta baje a tabarma, a taɓa a ji laushin yadin kafin a tura kuɗi.