Wa ya cancanci ya gina wa 'yan Sawaba abin tunawa?

Da aka buɗe mutum-mutumin Martin Luther King a birnin Washinton a 2011, wasu baƙaƙen fatar Amurka sun koka cewa an ba Lei Yixin, masassaƙi ɗan ƙasar Sin, aikin da ya dace ya fito daga hannun jikokin bayi. A ganina launin fatar masassaƙin ba shi ne tushen kukan ba. Abin da ya yi musu ciwo shi ne a ba da labarin wuyarsu ba da bakinsu ba.

Mu a ƙasar Hausa ba ma sassaƙa siffar mutum, addini ya raba mu da wannan. Da suna muke tuna gwarzo. Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, gidansa na Mambayya ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero, a Dutse kuma akwai dandali mai sunansa. Hajiya Gambo Sawaba tana da asibiti a Zariya. Duk wannan daidai ne, sai dai kusan kullum hukuma ce ke raɗa sunan, kuma jagora kaɗai take gani.

Alhali kuwa NEPU, jam'iyyar 'yan Sawaba da aka kafa ranar 8 ga Agusta, 1950, a wuyan talaka ta rayu. Birnin Kudu da Gwaram suna cikin tsohuwar Jihar Kano lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta PRP, magajiyar NEPU, ta soke haraji da jangali a 1979. Manomin da ya ninke takardar haraji ya cusa cikin hula don kada a tare shi ranar kasuwa, da Bafillacen da ya kwana a daji da garkensa don gudun masu ƙirga, su ne suka san nauyin abin da aka sauke. 

Saboda haka nake ganin haƙƙin gina abin tunawar na waɗannan talakawa ne da jikokinsu. Magini na iya zuwa daga ko'ina, amma sunayen da za a rubuta a bango daga bakin dattawan nan ya kamata su fito, har da matan da suka riƙe gida sa'ad da maigida ke gidan yari. Dattawan kuwa ƙarewa suke yi. Malaman tarihi da ɗalibansu su ɗauki na'urar naɗar murya tun yanzu, su bi zaurukan Gwaram da na Birnin Kudu ɗaya bayan ɗaya.