Konga da Paystack: Ciniki Biyu, Lokaci Biyu

A watan Fabrairun 2018 kamfanin Zinox na Leo Stan Ekeh ya sayi Konga, shafin cinikin intanet da Sim Shagaya ya kafa a Legas a 2012. Ba a bayyana kuɗin ba, amma ba wanda ya ɗauka cewa Naspers da Kinnevik, waɗanda suka zuba masa miliyoyin daloli, sun fita da riba. Tun 2016 rahoton Kinnevik ya nuna masu saye a kai a kai 184,000 ne kacal, a shekarar da naira ta faɗi, tattalin arziki ya durƙushe. Kafin ƙarshen 2017 an sallami ma'aikata da yawa. Duk dillalin da ya taɓa tsayawa da rago a kasuwar Kankiya washegarin Babbar Sallah ya san irin tayin da ake yi wa mai kayan da ya matsu.

Paystack kuwa, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, bai yi yawon neman mai saye ba. Stripe na Amurka ya riga ya shiga cikinsa da jari a 2018, ya shekara biyu yana ganin littattafansa daga ciki. Annobar korona ta tura 'yan kasuwa karɓar kuɗi ta intanet, sai Stripe ya saye shi a Oktoban 2020, kan abin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. Mutanen da suka kafa shi suka ci gaba da tafiyar da shi.