Maganaɗisu da Mayen Ƙarfe

Kalmar maganaɗisu baƙuwa ce. Daga Larabci muka aro ta, Larabawa kuma daga Girkanci, inda ake danganta dutsen maganaɗisu da wani yanki mai suna Maganesiya. Aron da muka yi daga Larabcin ne ya sa take da ɗ, irin ta ɗalibi da ɗabi'a.

A kasuwa kuwa mayen ƙarfe za ka ji, kuma ni ya fi mini armashi: maye kurwa yake kamawa, wannan kuwa allura da ƙusa. Tela na tsince allurarsa da shi, ɗan gwangwan na bambance ƙarfe da tagulla, don tagulla ba ta amsa kiransa. Marubutan soyayya dai maganaɗisu suka riƙe. Wa zai kira budurwarsa mayya?