Tarihin Ɗinkin Jijiyar Kafaɗa

Ɗinkin jijiyar kafaɗa tiyata ce da ake yi don mayar da jijiyar da ta yage kan ƙashin damtse. Tsokoki huɗu ne suka taso daga allon kafaɗa, jijiyoyinsu suka lulluɓe kan ƙashin, su ke riƙe shi a gurbinsa idan an ɗaga hannu. Ta sama ce ta fi yawan yagewa, ko don faɗuwa, ko don zaizayewa saboda shekaru da ɗaga kaya sama da kai. Mai ciwon ba ya iya kwanciya ta wannan gefen, sa riga ma sai da dabara.

Tun a 1834 John Gregory Smith ya bayyana irin wannan yagewa a gawarwakin da ya duba a Landan. Saɓanin da ke tsakanin marubuta a kan wanda ya fara ɗinkin ne. Wasu na ambaton Bajamushe Karl Hüter a 1870, amma shi yana aikin tsohuwar gocewar kafaɗa ne ya haɗa da jijiyar. Georg Perthes, shi ma a Jamus, ya ba da rahoton ɗinkin a 1906. Littattafan Amurka kuwa da Ernest Amory Codman na Boston suke farawa, wanda ya yi nasa a 1909, ya buga bayanin marasa lafiya biyu a 1911.

Jamusawa sun riga shi, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai Codman ne ya mai da abin fanni. Ba ya sallamar mara lafiya ya manta da shi. Yakan buɗe masa kati, ya bi sawunsa har shekara guda don ya ga ko aikin ya yi amfani, ya kuma rubuta kurakuransa. Wannan naci ya ɓata tsakaninsa da abokan aikinsa, har ya bar babban asibitin Massachusetts a 1914. Littafinsa kan kafaɗa ya fito a 1934. Atisayen da ya koyar har yau da sunansa ake kiransa: mutum ya sunkuya, ya dafa tebur da lafiyayyen hannu, ya saki mai ciwon yana lilo a hankali ba tare da tsokar ta yi aiki ba.

A 1972 Charles Neer ya kawo dabarar kankare ƙashin da ke gogar jijiyar daga sama. Daga shekarun 1980 aka koma zura ƙaramar kyamara ta ƙananan huji, ana kafa 'yan ƙusoshi masu zare a ƙashi a ɗaure jijiyar.

A Arewacin Najeriya, Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ya buɗe a 1959, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓe shi, kamar na Igbobi da na Enugu. Mutumin Makarfi ko Kudan kuwa, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya fi kusa da shi. Amma mai lodin rake da kafaɗa ta hana shi barci yakan fara da mai ɗori, ko wanzami ya yi masa ƙaho, a ce targaɗe ne ko sanyin ƙashi. Mai ɗori ya san karaya, sai dai nan ƙashi lafiya lau yake, kuma hoton ƙashi ba ya nuna jijiya. Sai sikanin ko MRI.

Ba kowace yagewa ake ɗinkewa ba, da yawa gashin ƙashi kan wadatar. Idan an yi ɗinkin, hannu kan zauna a rataye mako 4 zuwa 6, ma'aikacin gashin ƙashi ne ke motsa shi, ɗaukar nauyi kuwa sai bayan kamar wata 3, warkewa sosai ta kan kai wata 6 zuwa shekara. Manomin da ya koma kan fartanya da wuri na iya tsinke ɗinkin. Yagewar da aka bari ta daɗe kuma, jijiyar kan janye, kitse ya cika tsokar, ta ƙi ɗinkuwa. Don irin wannan kafaɗa ne ake amfani da gaɓar ƙarfe wadda Paul Grammont ya ƙera a Faransa a 1985.