Mai Hoto, Mai Bidiyo, Mai Kabarej: Wa Ake Kira Ranar Buki?

Idan buki ya matso a Jega, bayan kuɗin goro da abinci da rumfa, akwai kuɗin "mai hoto". Sunan nan ya fi faɗin da ake zato. Dattijuwa in ta ce a kira mai hoto, tana nufin wanda zai jera amarya da ƙawayenta ya ɗauka, ya wanke, ya kawo a rataya a ɗaki. Ƙanin ango kuwa yana nufin wanda zai bi bukin da kyamara tun daga kamu har kai amarya. Hausa ta aro "hoto" daga Turanci ta aza masa kaya biyu, sannan ta ce na biyun "mai motsi" ne. Sau da yawa daga nan gardamar bayan buki take tashi: an biya kuɗin aiki ɗaya, ana jiran biyu.

Hoto mai motsi ya sha sunaye a ƙasar Hausa. Zamanin Turawa motar gwamnati kan zaga garuruwa tana haska fina-finan tsabta da noma a fili, ana ce da shi majigi, daga sunan fitilar haska hotuna ta Turawa. Wasu suka raɗa masa dodon bango. Bidiyo sai daga baya, tare da kaset. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da fim ɗin bidiyo Turmin Danya, kuma a shekarun da suka biyo baya kyamarar ta zama 'yar gida a ɗaurin aure da suna. "Kabarej" da samari ke faɗa bakin 'yan talabijin ne, masu zuwa ɗauko rahoton taro. Wanda ya kira kansa mai kabarej alkawari ya yi zai tsaya daga farko har ƙarshe, kuma ya kamata a riƙe shi a kan hakan.

Kalmar da ta fi burge ni ita ce faifai, ko hwaihwai a bakin mutanen Kabi da Sakkwato. Asalinsa wanda mata ke saƙawa su rufe ƙwarya ko su bakace tsaba. Saboda kewayensa aka ba tangaran ɗin garmaho sunan, daga nan ya gangaro kan sidi. Yau an kusa daina buga sidin, amma har gidajen rediyo "faifan bidiyo" suke cewa ga abin da ke yawo a waya. Haka "wanke hoto": ruwan maganin ya tafi, na'ura ce ke bugawa, sunan ya zauna. Don haka in mai bidiyo ya ce zai kawo faifai, a tambaye shi wane iri. Filas ne, mimori ne, ko turowa zai yi ta WhatsApp, inda hoton kan dushe? A Aliero, mai jami'a tun 2006, ƙawayen amarya waya suke so. A ƙauyukan Maiyama, inda uwar amarya za ta tara maƙwabta su kalla tare, abin da zai hau talabijin ake bukata.

Sai "ɗauka". Muna cewa ya ɗauki amarya, ya ɗauki taro, kuma da gaske ɗauka ce, don in an watse da su yake tafiya gida cikin jakarsa. Ɗaurin aure a ƙofar gida ko masallaci na kowa ne. Sa lalle da kamu da buɗar kai na cikin gida ne, inda matan aure ke sakin jiki su yi rawa su yi liƙi. Yanzu da masu sana'ar ke tallar aikinsu a TikTok da Facebook da guntayen bukin mutane, ina ganin kuskure ne babba a gama ciniki ba a yi wannan magana ba. Waliyyin amarya ko yayanta ya zaunar da mai bidiyon tun kafin a ba da kafin alƙalami, ya ce: "Malam, wa zai shiga wurin mata, kai ko mace za ka turo? In ka gama haɗawa ka ba mu namu, wanda ya rage a kwamfutarka fa?"