Dukanci: Daga Ɗinkin Laya Zuwa Kasuwannin Turai

Da yawanmu kan raina ɗinkin laya da zabira, alhali da irinsu ɗan koyo ke fara riƙe basilla a gidan dukawa. Fatar da yake yanka kuwa mai tarihi ce. Majema kan jeme fatar jar akuyar Sakkwato da bagaruwa, a rina ta da karan dafi, fatake su ƙetara Sahara da ita. Da ta isa Turai ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka, sai aka laƙaba mata sunan Maroko, namu ya ɓace. Bajamushen nan Barth, da ya zo Kano a 1851, ya shaida yadda takalman birnin ke kaiwa ƙasashe masu nisa. Mai sha'awar farawa yau, guntayen fata daga Ƙofar Wambai sun ishe shi alaben farko.